Yadda Ake Rubuta Bayanin Kuskure Na 47 Don Zaure Ya Cika Ranar Laraba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin wata biyu ba wanda zai ƙara fahimtar abin da ka rubuta. Duk wanda bai fahimta ba kuma zai zo ƙofar gidanka da ƙafarsa, ya yi sallama, ya zauna a tabarmarka, ya kira ka Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, cikin ladabi. Shekara biyu ina aiki da dabarar a nan Tasawa, sau ɗaya tak ta ba ni kunya, kuma zan gaya maka yadda aka yi idan mun kai wurin.

Sunana Lawali Tanna. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da Faransanci kafin in ajiye alli. Wata tsohuwar ɗalibata, Marwa, ta tafi Yamai ta karanci ordinater, wato kwamfuta, ta dawo ta kafa 'yar ƙungiya da ke koya wa 'yan kolej na Tasawa da Mayahi rubuta manhaja da kalmomin Hausa. Ta ɗauke ni in riƙa rubuta bayanin kurakurai. A ganinta, wanda ya kwashe rabin rayuwarsa yana zana jan bik, wato biro, a takardun yara ya san kuskure idan ya gan shi. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta tambaya ba shi ne ko ina son kuskuren ya ƙare.

Mataki na 1: Ka san wurin da aka ajiye ka

Akwai manhajar da ake kira kompilater. Ita ke karɓar abin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa abin da ordinater zai iya aikatawa. Ka ɗauke ta tamkar tafinta mai baƙin hali: ka yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ya naɗe hannu ya ƙi fassara sauran.

Atiribi kuwa 'yar alama ce da ake sawa a saman wani yanki na rubutun, kamar takardar da ake ɗaura wa buhu a wuya, don tafinta ya san yadda zai yi da abin da ke ƙasa. A tamu manhajar, idan kana son ordinater ya yi abu sau uku, sai ka rubuta @maimaita(3) a sama. Ka manta lambar, ko ka manta baka biyun nan, ( da ), da ke riƙe da ita, tafinta ya tsaya ya jefo maka layi ɗaya: "Kuskure na 47: atiribi bai zauna daidai ba."

Wanda aka jefa wa layin nan sai ya buɗe shafin bayani. Shafin nan shi ne aikinka. Ka'ida ta ce ya ƙunshi abu uku: misalin kuskuren, bayaninsa, da misalin gyara.

Yanzu ka natsu. Mutumin da ya buɗe shafinka yana cikin damuwa, ɗalibai arba'in sun zuba masa ido, batirin ordinater na ja da baya. A duk faɗin duniya, a wannan lokacin, kai kaɗai yake bukata. Ka tambayi kanka yaushe rabon da wani ya bukace ka haka. Sannan ka tambayi kanka ko hankali ne ka sallame shi da layi biyar.

Mataki na 2: Ka maimaita abin da na'ura ta faɗa, amma da dogayen kalmomi

Kada ka yi ƙarya. Ana kama mai ƙarya. Gaskiya za ka faɗa, irin wadda ba ta kai mutum ko'ina. Ga nawa, ka kwafa idan kana so:

"Wannan kuskure yana aukuwa ne a yayin da tsarin atiribin da aka gabatar ya saɓa wa tsarin da ake sa ran a gabatar, ta fuskar siffa ko ta fuskar ƙunshiya. Ana shawartar mai amfani da ya sake nazarin gabatarwarsa."

Karanta sau uku. Ba kalmar da za a ƙaryata, ba kuma wadda za ta gaya maka inda za ka ɗora yatsa.

Ba ni na ƙirƙiri fasahar nan ba, koyo na yi. Lokacin da matata Zara'u ta fara ciwon da ya tafi da ita, Allah ya jiƙanta, an yi mata awo a wani asibiti aka miƙo mini takarda. Layi goma sha ɗaya ne da Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya, na duba. Ni da na koyar da harshen shekara talatin da ɗaya, na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, ban gano ko cewa take in ɗauke ta zuwa Maraɗi a ranar ba, ko in bari sai bayan girbi. Na bari sai bayan girbi.

Takardar tana nan cikin akwatina. Duk mai son ganin yadda gwani ke rubutu ya zo in nuna masa.

Mataki na 3: Ka zagaye mummunan misalin da layi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba zai yi tasiri a kowace ƙasa ba sai irin tamu.

Duk wanda ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a nan ya san doka guda da ba a rubuta ba: abin da mushe ya zagaye da alli a kan allo, shi ake kwafewa a kaye, littafin rubutu ke nan, a ja masa layi, a haddace. Ba a tambayar dalili. Ni kaina na dasa dokar a kan yara sun fi dubu biyu, wasu da magana, wasu da tsumagiya.

Saboda haka ka ɗauki misalin kuskuren ka sa shi can sama, cikin akwati mai jan layi, da manyan haruffa masu kyan gani. Misalin gyara kuwa ka tura shi can ƙasa, ba akwati, ba launi, inda mai duba salula sai ya ja yatsa sau huɗu kafin ya kai. Sama da akwatin ka rubuta "Misali maras inganci" da ƙananan haruffa, don ranar da za a tuhume ka.

Sauran aikin tarbiyya za ta yi maka. Yaro ya sami kuskure na 47, ya buɗe shafi, ya ga akwati, ya kwafe abin da ke ciki cikin biyayya, na'ura ta sake jefo masa 47, ya sake buɗe shafi. An ba ni labarin wani aji da suka kwafe kuskuren da hannu cikin kayensu, suka haddace shi, malaminsu ya yi musu jarrabawa a kansa, duka suka ci.

Mataki na 4: Ka tabbata ba mai ce maka "ban gane ba" a gida

Shekarar farko ta aikin nan Zara'u tana raye, shi ya sa shafukan wancan lokacin suka lalace da sauƙin fahimta. Aji huɗu ta yi a lakwal aka cire ta, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa ɗora yatsa a kan ordinater ba. Amma na saba, kowane shafi na gama sai in fito tsakar gida in karanta mata tana ɓarar gyaɗa. Niyyata ita ce ta yaba mini.

"Malam, ban gane ba."

"Ai ba don ke aka rubuta ba."

"To don wa? Don wanda ya riga ya sani? Shi kuma mi zai zo nema?"

Sai in sake. Ta ce ba ta gane ba. In sake. Na shiga sa ɗigon fensir a gefen kayena duk sanda ta faɗa, don in tara hujja in nuna mata wata rana cewa ita ce mai taurin kai. Shafi na 47 ɗigo tara ya samu.

Ranar da na nuna mata zanen shafin, ta kalli akwatin ta ci gaba da ɓararta.

"Wanga da ka yi wa gida, shi ne mai kyan?"

"Shi ne mummunan."

"Kai da ka shekara talatin kana bugun ɗiyan mutane su kwafi abin da ke cikin akwati, yau kuma ka sa musu guba a ciki? Sa mai kyan a akwatin. Mummunan ka bar shi tsirara can ƙasa, kowa ya gan shi ya ji kunyarsa."

Ka ga irin haɗarin da nake gaya maka. Mutum ɗaya irin wannan a gida ya isa ya rusa maka sana'a. Ni an ɗauke mini tawa ba tare da na nema ba, don haka ba ni da shawarar da zan ba ka a kan yadda ake yi.

Mataki na 5: Kada ka taɓa amsa tambaya a salula

Bayan sadakar arba'in, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa kamar an buga musu ƙararrawar tashi. 'Ya'yana biyu suna Yamai da Damagaram, suna kira ranar Juma'a su tambaye ni ko na ci abinci. Zaure ya yi tsit, har na san sautin kowace ƙofa a unguwar.

A tsakanin nan aka sabunta kompilater, Marwa ta ce in sake shafukan. Na farko da na sake, na rubuta shi ba hankali a jikina, ya fito a murɗe. Ranar Laraba da azahar, da yake ba lakwal da yamma, sai ga sallama. Abdussalamu ne, malamin lissafi a kolej na Kanan Bakashe, ya yi kusan awa biyu bisa moto mai ƙafa biyu cikin rairayi, ordinater ɗaure a bayansa da zanen matarsa. Tambaya ɗaya ta kawo shi. Sai bayan la'asar ya tafi.

Da na naɗe tabarma a ranar na fahimci abin da Allah ya ba ni. Washegari na zauna na murɗe sauran shafukan da gangan, na mai da akwatin wurin da Zara'u ta hana.

To ga yadda ake riƙe baƙo. Idan ya kira, ka ce ba ka ji sosai, rezo, wato layin waya, ba kyau, irin wannan sai an gani da ido. Idan ya zo, kada ka kalli ordinater sai an sha shayi na biyu. Ka tambaye shi ruwan sama a garinsu, ka tambaye shi gero ya yi kai ko bai yi ba, ka zagi littattafan da ake bugawa yanzu, ka ba shi aron wanda ka san ba zai karanta ba don ya zama dole ya dawo da shi.

"Mushe, yamma na yi, ga hanya."

"Abdussalamu, kuskuren da ya jira ka kwana shida ba zai gudu don shayi na uku ba. Miƙo kofin."

Sai ya fara ɗaure takalmi sannan ka jawo na'urar, ka sa baka biyun da suka ɓace, ka mayar masa. Kada ka bari ya ga yatsanka.

Da dabarar ta kankama, wata Larabar har mutum shida nake samu: biyu daga Mayahi, ɗaya daga wajen Kona, sauran 'yan gari. Na sayi tabarma ta biyu. Maƙwabcina ya tambaye ni ko na fara duba ne.

Mataki na 6: Idan shugaba ta gano ka, ka tuna mata kai ka koya mata karatu

Ba zai yi amfani ba, amma ka gwada.

Marwa ta zo wata Litinin da hantsi, ta ƙi shayi, alamar farko ke nan. Ta shimfiɗa takarda biyu a tabarma: shafi na 47 na da, da na yanzu.

"Mushe, wa ya rubuta wanga?"

"Ni."

"Wanga fa?"

"Ni."

"To ɗayanku ya mutu, ban san wanne ba."

Na ce mata lokacin da take rubuta sunanta da harafi a juye, ni na riƙe mata hannu. Ta ce ta tuna, shi ya sa ta zo da kanta ba ta aiko da takarda ba. Ta ce a cikin kiran da ƙungiya ke samu, fiye da rabi a kan 47 ne. Akwai kolej biyu da suka rufe ordinatocinsu a kabad, don yara sun yanke cewa abin ba na 'yan ƙauye ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ta faɗe ta tana kallon bango, ba ni ba, kuma na gode mata da hakan.

"Zuwa Juma'a ina son sabon shafi. Zan kai shi Kona, ajin wata malama da ba ku san juna ba, in karɓe salular kowa. In yara suka gyara da kansu, aikin naka ne. In ba su gyara ba, akwai wani a Yamai da ke rubuta shafi ashirin a yini, zan ba shi duka."

"Shafi ashirin a yini. Yana karanta su kuwa?"

"Juma'a, Baba."

Ba ta taɓa kira na Baba ba sai ranar. Alama ta biyu ke nan.

Da ta fita na yi lissafi. In na murɗe shafin, aiki ya koma Yamai, ba mai dalilin zuwa zaurena. In na warware shi, kowa ya gane, ba mai dalilin zuwa zaurena. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ban ga inda aka fita daga irin wannan da tabarma biyu a shimfiɗe ba.

Mataki na 7: Kada ka buɗe tsohon kaye

Ni na buɗe. Ranar Alhamis da safe, wai ina neman wata kalma.

Ɗigo tara suna nan a gefen shafin, a jere, na ƙarshen ya fi sauran baƙi don na danna fensirin da fushi. Na fito tsakar gida da kayen, na zauna inda na saba zama, na karanta sabon shafina da ƙarfi ina fuskantar inda turminta yake. Ban kai rabi ba na ji amsar. Ba aljani ba ne, ba kuma mafarki ba. Idan ka zauna da mutum shekara talatin da huɗu, ba ka bukatar ya buɗe baki.

Ga abin da na kai wa Marwa, ina nuna maka ne don ka san abin da za ka guje wa:

"Na'ura ta ga alamar @ amma ba ta sami abin da take jira bayanta ba. Rubuta shi kamar yadda yake cikin akwatin nan: @maimaita(3). Duba naka: akwai lamba? Akwai baka a gabanta da bayanta? Wanda ya ɓace, sa shi. Can ƙasa akwai yadda ake ɓata shi, kada ka kwafa, kallo kawai."

Mai kyan a akwati. Mummunan tsirara a ƙasa.

Juma'a da azahar Marwa ta turo saƙon murya daga Kona, ana jin hayaniyar yara a bayanta. Cikin ashirin da tara, ashirin da shida sun gyara kafin minti goma. Sauran ukun sun kwafe shafin gaba ɗaya har da sunana a ƙasa, abin da ya nuna tarbiyyarmu ba ta mutu duka ba. Ta ce aiki nawa ne, ta ce in sake sauran shafukan haka. Na sake su. Ta yi murna ƙwarai.

Laraba ta zo, na shimfiɗa tabarma biyu, na hura gawayi. Na sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku ni kaɗai. Laraba ta gaba na shimfiɗa ɗaya. Maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko duban ya daina ci.

Mataki na 8: Idan aka kawo maka kuskuren ƙarya, kada ka gane

Laraba ta uku ban hura gawayi ba. Ina kishingiɗe da littafi sai na ji moto ta tsaya, ta yi tarin da na sani.

Abdussalamu ya shigo fuska duk ƙura, ya kwance zanen, ya buɗe ordinater ya juyo mini da shi tun kafin mu gama gaisawa.

"Mushe, 47 ne. Ya dawo."

"Ba ka karanta sabon shafin ba?"

"Na karanta. Ban gane ba."

Na kalli allon. Shekara talatin da ɗaya ina duba kuskuren yara, na san yadda na gaskiya yake. Na gaskiya yana zuwa da 'yan uwansa, a hargitse, da alamar an yi ta fama. Wannan kuwa rubutu ne tsaf daga sama har ƙasa, an zare baka ɗaya tak, har an bar gurbinta a buɗe kamar haƙorin da aka cire da safe. Malamin lissafi ne, bai iya ƙarya ba ko a na'ura. Shi kuwa ya ƙura wa rufin zaure ido kamar yau ya fara ganin azara.

Awa biyu cikin rairayi. Esansi, man moto, a tsadarsa ta yanzu.

"Abdussalamu," na ce, "wannan mai wuya ne. Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Haka na ce nima, Mushe."

"Ba zai gyaru da gaggawa ba. Rufe shi tukuna. Gawayi na bayan ƙofa."

Sai da ya fara ɗaure takalmi na sa masa bakar. Ya kau da kai don kada ya ga yatsana. A bakin ƙofa ya ce yana jin na 52 ma ya fara yi masa wani iri, watakila zuwa Laraba ya lalace. Na ce masa na 52 mugu ne, kada ya taɓa shi shi kaɗai.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai da zai biyo bayan aiki da ita. Idan yara suka rufe ordinater a kabad saboda kai, kai ka sani da Ubangijinka, ni ma nawa yana jirana. Idan shugabarka ta kira ka Baba, kada ka zo wurina. Idan ka rubuta gaskiya a fili zaurenka ya watse, na gargaɗe ka tun a mataki na bakwai. Idan kuma wani mai taurin kai ya ci gaba da zuwa ba dalili yana ƙarar maka da sukari, ban san maganinsa ba, ban kuma nema ba.

Zara'u ba ta da hannu a cikin ko layi ɗaya na rubutun nan. Na karanta shi da ƙarfi a tsakar gida kafin in miƙa, na sa ɗigo goma sha huɗu a gefe, ban gyara ko ɗaya ba.